Masu karatu sun gano makashin tun feji na 12, in canja shi ko in bar shi?

'Yar Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da dare. Manyanmu don Allah ku fito, kaina ya ƙulle. Littafin da nake saki yanzu na kuɗi ne, feji ɗaya kullum ban da Juma'a, yau na saki na 38. Labarin a taƙaice: wani Alhaji mai mata uku ya sha fura a ɗakin amarya ranar girkinta, kafin asuba rai ya yi halinsa. Gida kaf aka ce ita ce. Tana cikin takaba, ƙanin marigayin da aka ɗora wa kula da dukiya kafin rabon gado ya tsane ta kamar ya shaƙe, daga baya zuciyarsa ta fara karkata gare ta ba tare da ya shirya ba. A tsarina uwargida ce ta zuba abu a furar, kuma sai wajen feji na 70 zan tona. To ashe tun feji na 12 wata ta rubuta a zauren sharhi cewa wallahi Hajiya Babba ce, wato uwargidan. Yanzu kowa ya hau kai, har sun daina tambaya. Jiya wata ta ce min, Anti ki daina ja mana rai, mun san ita ce, ki ɗaura auren kawai mu watse. Ban runtsa ba. In juya laifin kan direba ne, ko in bar shi yadda yake?

Ɗan Tudun Wada: Juya kawai Anti. Littafinki ne, alƙalaminki ne. Ki ɗora wa wanda ba a taɓa zato ba, ko almajirin gidan ne. Su dai a girgiza su.

Makaranciya Zalla: A'a Ɗan Tudun Wada, kar ka kai ta ka baro. Ni ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, amma kuɗina na ƙarewa a littattafanku, don haka ina da bakin magana. Akwai wani da na bi wata uku cur, kullum zuciyata a wuya, ranar ƙarshe sai aka fito min da wani tagwayen jarumi da ya taso a Sudan, wanda ko sunansa ba a taɓa ambata ba, wai shi ne ya yi kisan. Wannan ai rainin hankali ne. Tun daga ranar ko kyauta marubuciyar ta saki abu ba na buɗewa.

Hajiya Mai Biro: 'Yata 'Yar Ɗorayi, sannu da ƙoƙari. Wannan ciwon naki tsoho ne, mun sha shi tun kafin a san waya. A zamaninmu littafi kashi-kashi yake fita, na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu. Da zarar na ɗaya ya bar maɗaba'a ya shiga shagunan Sabon Gari da Kurmi, daga nan diloli su kwashe zuwa Sakkwato, Jos, Maraɗi, to ya fi ƙarfinki. Abin da kika rubuta ya zauna. Shi ya sa ni ban taɓa kai na ɗaya wurin bugu ba sai na gama labarin gaba ɗaya a littafin rubutu na 'yan makaranta, in ajiye shi ƙarƙashin katifa ya yi sati biyu, in dawo in karanta kamar na wata.

Amma bari in faɗa miki abin da na hango. Gano makashin da suka yi bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne sun gano shi kuma hankalinsu ya kwanta. Ki ɗauka kina zaune a tsakar gida, kika ga kunama ta shige takalmin yaro, yaron kuma ga shi can yana tahowa da gudu zai saka. Kin san kunama ce, kin san inda take, ba wani ɓoyayyen abu. Amma za ki iya ci gaba da tsince shinkafa? To haka ake so mai karatu ya kasance. Idan sun san Hajiya Babba ce, kuma amarya tana kwana gida ɗaya da ita, tana shan ruwan randa ɗaya da ita, me ya sa ba sa tsoro? Amsar tana cikin fejukanki, ki koma ki duba. Ina zargin tun da Alhaji ya mutu uwargidan ba ta sake motsi ba.

'Yar Ɗorayi: Mama kun taɓo wurin. Wallahi tun feji na 15 ba ta yi komai ba sai harara da habaici. Na tattara hankalina kan jarumin da jarumar.

Hajiya Mai Biro: To kin gani. Kin raba igiya biyu, soyayya na tafiya gabas, tashin hankali ya tsaya a yamma yana jiran feji na 70. Irin wannan littafin tufka ɗaya ake yi musu. Duk takun da ya kusanto da su biyun ya zama ya ƙara jefa ta cikin haɗari, duk haɗarin da ya taso kuma ya tilasta musu kusantar juna. In za ki iya zare kisan labarin soyayyar ya tsaya da ƙafarsa, to littafi biyu kika rubuta kika haɗa su da allura.

Ɗan Tudun Wada: Hajiya da girmanku, amma yanzu zamani ya canja. Wa zai zauna ya gama littafi kafin ya saki? Kuɗin da aka biya na feji goma na farko da shi ake sayen data a rubuta sauran. Kuma sharhin makaranta shi ne man da ke tura motar. Ni in na saki feji ban ga sharhi ba, hannuna mutuwa yake.

Hajiya Mai Biro: Ban musa ba ɗana. Labarin kishi ko na zaman gida za ka iya sakin sa kana tafe kana ƙirƙira. Amma labarin da aka binne sirri a cikinsa, dole ka san inda ka binne kafin ka kira mutane kallo. Ko ba ka rubuta duka ba, ka san wa ya yi, don me, da me, wa ya gani, wa ya yi ƙarya. Shafi biyu na takarda sun isa.

Malamin Islamiyya: Salamu alaikum. Ni mai karatu ne a ɓoye, matata ce ta jawo ni zauren nan. Malama 'Yar Ɗorayi, kina riƙe da dukiya a hannu ba ki sani ba, ita ce takabar nan. Wata huɗu da kwana goma. Marubutan wasu ƙasashe sai sun wahala kafin su samo dalilin da zai hana jaruma gudu daga gidan da ake son halaka ta, su kawo ambaliya ko su katse hanya. Ke addini da al'ada sun ba ki a kyauta: mai takaba a gidan mijinta take zama, ba ta kwana a wani wuri sai da larura. Ga agogo yana tafiya, ga gida a rufe, ga wanda ya yi kisan a ciki.

Sannan ta ɓangaren soyayyar. Bai halatta a fito fili a nemi auren mai takaba ba, abin da aka yi rangwame a kai shi ne shaguɓe, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 235. Ita kuma ba kwalli, ba turare, ba ado. Shi ƙanin miji ba muharraminta ba ne, an ma yi gargaɗi mai tsanani game da keɓewa da dangin miji. Ke nan duk abin da zai gudana tsakaninsu sai dai a tsakar gida, gaban mutane, ko ta bakin ƙaramin yaro ɗan aike. Wallahi in kika iya wannan, kalma ɗaya da zai faɗa yana ƙirga buhunan da ke sito ta fi shafi goma na kalaman da ake kwafowa daga fina-finan Indiya. Abin da nake roƙo kawai kar a kai su ɗaki su biyu a ce wai bincike suke.

'Yar Ɗorayi: Malam Allah ya saka da alheri. Ban kai su ɗaki ba, amma na yi laifi ɗaya, a feji na 30 na sa ta fesa turare da ta ji sallamarsa. Ba wadda ta yi min magana.

Makaranciya Zalla: Ƙila sun gani, kawai sun yi shiru ne. Ni da na gani, sai in ɗauka da gangan kika yi don a nuna ta fara zamewa.

'Yar Ɗorayi: Daga yau da gangan ne.

Lauyan Zaure: Tunda an buɗe babin gyara bari in sako nawa, don abin yana ci min tuwo a ƙwarya a littattafai da yawa. Za ka ga an kama mutum da safe, da la'asar alƙali ya buga guduma ya yanke masa hukuncin rataya. Ba haka abin yake ba. Zargin kisa yakan fara daga ofishin 'yan sanda na unguwa, a ɗauki bayani, sannan a tura shi sashen binciken manyan laifuka na jiha, a Kano can Bompai. Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, ko kwana biyu. Sau da yawa kotun majistare ake fara kai shi, ita kuma ba ta da hurumin sauraron kisan kai irin na sashe na 221 na kundin Penal Code, sai dai ta tura shi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, daga nan a tafi babbar kotu. Wannan jiran kaɗai yana cin watanni, wani lokaci shekaru.

Ga marubuci wannan ba cikas ba ne, abinci ne. Kuma a gidajenmu abin da ya fi faruwa shi ne ba a ma zuwa wurin hukuma. An yi wanka, an yi sallah, an binne kafin azahar, manya sun ce a rufa asiri a bar wa Allah. Babu gwajin gawa, kwanon furar an wanke. To ta ina gaskiya za ta fito? Sai ta bakin mutane: wa ya shiga kicin, wa ya aiki yarinya sayen ƙanƙara, wa ya fara kuka kafin a sanar. A nan ne marubucinmu ya kamata ya nuna gwaninta, maimakon ya ɗauko jami'i mai baƙin gilashi da na'urar ɗaukar zanen yatsa ya ajiye shi a lungun Ɗorayi.

'Yar Ɗorayi: Barista ni ban kai ta ofishin 'yan sanda ba, jarumin ne yake riƙe da barazanar, ya ce ranar da ta fita takaba zai miƙa ta.

Lauyan Zaure: Madalla, wannan ya yi. Kin ga ranar fitarta takaba ta zama abu biyu ke nan, ranar da zai iya neman aurenta kuma ranar da ya yi rantsuwar miƙa ta. Ki riƙa tuna wa mai karatu kwana nawa ya rage.

Sista Mai Aikin Dare: Ina kan aiki amma na kasa shiru. 'Yar uwa me aka zuba a furar? Don in fiya-fiya ce kamar yadda kuka saba rubutawa, warinta kaɗai zai hana mutum kai ludayi baki. Kuma wanda ya sha irin wannan ba ya yin murmushi ya yi kalmar shahada ya rufe ido kamar a fim. Amai ne, gumi, dalalar yawu, numfashi na sarƙewa, gida ya rikice, a nemo mota. Na karɓi irinsu da hannuna, ba abin kallo ba ne. Kar kuma wani ya biyo ni ta bayan fage ya ce in faɗa masa wadda ba ta wari, ba zan faɗa ba. Ki bar abin ba suna, ki nuna tashin hankalin daren kawai.

Uwar Biyu: Sista kin tuna min. Lokacin da nake rubuta nawa na biyu na yi ta bincike a waya kan guba da alamominta, na manta ban goge ba. Abban su Biyu ya ari wayar zai kira, ya ga abin da na nema. Bai ce komai ba. Sati guda bawan Allah yana cewa ya ƙoshi a waje, furar da yake sha kullum da daddare sai ya ce a ba yara. Sai da na zaunar da shi na karanta masa babin gaba ɗaya. Yanzu shi ne mai duba min kuskure, har yana cewa wannan makashin naki wawa ne.

Ɗan Tudun Wada: Hhhh Allah ya ja zamanin Abban Biyu, mai hankali ke nan.

Uwar Biyu: Bar dariya ƙanina, sana'ar nan ba wanda ya san wahalarta sai mai yi. Ni sai yara sun yi barci nake farawa, ƙarfe sha ɗaya zuwa biyu na dare, da babban yatsa biyu a kan waya. In ba wuta, da rana wayar tana wurin mai caji, ni kuma ina rubutu a bayan takardar jarrabawar yara don kar zaren ya kuɓuce. Ranar da ba zan manta ba, na yi taipin feji guda cur, kusan awa uku, wurin da jaruma ke ɓoye a bayan buhunan gero tana jin takun mutum, ni kaina gabana na faɗuwa. Na tashi ɗora ruwan zafi, ƙaramin ya ɗauki wayar. Na dawo na tarar da fari fat. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Da safe kuma saƙonni sun fi hamsin, Anti shiru, Anti mun biya kuɗinmu fa. Wanda na sake rubutawa bai kai na farkon ba, har yau ina jin haushin.

Tun daga nan duk sakin layi biyar sai na tura wa kaina a wata lambar. Kuma na koyi kasancewa gaba da makaranta da feji goma aƙalla. Wannan tazarar ita ke ba ka damar komawa ka dasa abu kafin su iso wurin. 'Yar Ɗorayi feji nawa kike da shi a ajiye?

'Yar Ɗorayi: Anti ko ɗaya. Na gobe ma ban fara ba.

Uwar Biyu: Innalillahi. To ki ba su hutun kwana uku, ki ce uzuri ya taso. Za su yi ƙorafi, ba za su mutu ba.

Baba Mai Shago: Ina jin ku. Ni shekara da shekaru na yi ina sayar da littattafan nan kafin waya ta kashe mana kasuwa. Abin da na lura, mace za ta zo ta ɗauki na ɗaya, ta buɗe shafin ƙarshe a tsaye, in ta ga an tsaya a wurin da ya kamata sai ta ce Baba haɗa min da na biyu. In an tsaya a banza ta ajiye. Amma akwai marubutan da suka mayar da abin wasa, kowane kashi sai an ƙare da wani ya faɗi sumamme. Masu saye suka gane, suka riƙa dariya. Ku ma yanzu na ga kowane feji sai an ƙare da ƙofa ta buɗe, wa za ta gani. In an buɗe gobe sai a ga mai aiki ce ta kawo shayi. Sau uku za ki yi wa mutum haka ya daina yarda da ke.

Kuma ku gode wa Allah. Mu mun ga 2007 da aka tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a Kano, aka ce suna ɓata tarbiyya. Ku ba mai ƙona muku waya.

'Yar Damagaram: Baba ba a ƙona waya amma ana sace littafi, wanda ya fi wuta ciwo. Mu nan Nijar sai mun je mun tura kuɗinmu ta Nita, kamfanin tura kuɗi, jaka guda ko abin da aka yanka, a ɗauki hoton takarda a aika, sannan a saka mu a zaure. Kwana biyu sai ka ga littafin nan yana yawo kyauta, ko an ɗora shi a YouTube wata murya tana karantawa ba da sanin mai shi ba. Na soyayya zalla ko an sace wasu za su saya. Amma irin na 'Yar Ɗorayi, mutum ɗaya ya ɗauki hoton fejin ƙarshe ya watsa, shi ke nan an kashe kasuwar, don sirrin ake saye.

Uwar Biyu: Ga Allah ya isa da muke rubutawa a saman kowane feji, ko gezau. Na koma saka nawa a manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks, sai ga shi ta rufe a ƙarshen 2023, na dawo ina tallata kaina daga farko. Yanzu rabi a ArewaBooks, farkon kuma kyauta a Wattpad don jan mutane.

Admin: Jama'a maganar satar littafi muna da ranarta, Asabar. A dawo kan tambayar baiwar Allah, har yanzu ba a ba ta amsa ba. Direba ko uwargida?

Makaranciya Zalla: Ni dai gaskiya na gaji da uwargida. Duk littafin da aka buɗe, in an ga kishiya an ga mai laifi. Shi ya sa aka gano a feji na 12, ba wai don kin yi sakaci ba. Mun saba ne. Kuma mu uwayen gida abin yana mana ciwo, kamar ba mu da aiki sai zuwa wurin boka.

Ɗan Tudun Wada: To ai ga mafita nan. A ce asiri aka yi wa uwargidan ta zuba ba a hayyacinta ba. Ko aljani ya shiga jikinta.

Hajiya Mai Biro: Kul ɗana. Ban ce babu sihiri a duniya ba, kuma mutanen cikin labari suna iya yin imani da shi su aikata abubuwa saboda shi. Amma ranar da ka sa aljani ya ɗauki laifi, ka gaya wa mai karatu duk lissafin da ya yi wata biyu yana yi aikin banza ne. Wa zai iya gano aljani daga alamu?

Sai dai maganarka ta buɗe min wata ƙofa. 'Yata, idan uwargidan ita ta zuba, amma ba ta san abin da ta zuba ba fa? A ce an ba ta ƙulli an ce maganin farraƙu ne, zai sa Alhaji ya juya wa amarya baya. Ta zuba da niyyar kishi, ta wayi gari ta kashe uban 'ya'yanta. Kin ga makaranta sun yi daidai, ba ki yaudare su ba, amma rabin gaskiya suka kama. Shirun da ta yi tun feji na 15 ma ya samu fassara, tsoro ne ke cin ta. Saura tambaya, wa ya ba ta ƙullin, kuma shi ya san mene ne a ciki. Amma da sharaɗi: sai in mutumin ya riga ya bayyana a fejukan da kika saki. In babu shi, kar ki ƙirƙiro shi yanzu.

'Yar Ɗorayi: Mama ku ba ni dare ɗaya in koma daga feji na 1.

'Yar Ɗorayi: Salamu alaikum, na dawo, idona kamar garwashi. Na samu! A feji na 7, kwana biyu kafin rasuwar, na sa Yaya Ladi, yayar su Alhaji, ta zo gidan ta shiga ɗakin uwargida suka rufe ƙofa, da za ta fita har na rubuta tana gyara bakin zaninta. Wallahi don in cika feji na rubuta, ban nufi komai ba. Kuma ita ce ta raini jarumin tun mahaifiyarsu ta rasu, a feji na 20 ya ce ba shi da uwa sai ita. Kuma ita ta fi kowa matsa masa ya miƙa amarya ga hukuma.

Hajiya Mai Biro: Alhamdulillahi. Yanzu igiyar ta zama ɗaya. Ranar da zai wanke wadda yake so, ranar zai miƙa wadda ta goya shi. Ki bar shi ya fara ganowa kafin jarumar, ya yi kwanaki yana ɓoyewa, ita kuma ta ga ya canja ta ɗauka ya koma zarginta.

Malamin Islamiyya: Tsaya Malama, kar murna ta sa a yi tuntuɓe. Me Yaya Ladi za ta samu? In gado kike nufi, babu. Alhaji yana da 'ya'ya maza ko?

'Yar Ɗorayi: Uku, Malam.

Malamin Islamiyya: To ɗa namiji yana katange 'yan'uwan mamaci, maza da mata, ba ta da ko sisi, shi ma jarumin haka. Matan uku tumuni za su raba a tsakaninsu, wato kashi ɗaya cikin takwas. Wanda kuma ya kashe da gangan ba ya gadon wanda ya kashe. Makarantanki da yawa sun yi Islamiyya, za su kama ki.

Lauyan Zaure: A ba ta dalilin da ya fi gado ƙarfi. Irin waɗannan Alhazan sukan sayi fili ko gida su damƙa wa 'yar'uwa takardun ta ajiye, ba shaida, ba rubutu. A ce ta sayar da wani a ɓoye ta kashe kuɗin a auren 'yarta, shi kuma ya ce bayan Sallah zai karɓi takardunsa. Kin ga jarumin da ke tattara lissafin dukiya shi zai ci karo da giɓin da hannunsa. Ina ganin irin wannan shari'ar a kai a kai.

'Yar Ɗorayi: Barista auren 'yarta ma yana feji na 4, har na yi shafi guda ina kwatanta kayan ɗaki, aka yi ta ce min na cika ƙari, ina ta samu kuɗin gadon Dubai. Allah mai iko. Na sanar da hutun kwana uku, an fara zagina, ban damu ba. Zan zauna in rubuta takardar nan mai shafi biyu da Mama ta ce, sannan in tara feji goma kafin in sake saki. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Makaranciya Zalla: Wai tsaya. 'Yar Ɗorayi, littafin nan ba shi ne wanda amaryar take da ɗan tabo a gira ba?

'Yar Ɗorayi: Shi ne Anti.

Makaranciya Zalla: La'ilaha illallahu. Ina cikin zauren, N500 na biya, ni ce ma na rubuta wallahi Hajiya Babba ce a feji na 12. Yanzu kun taru kun gaya min ƙarshen.

'Yar Ɗorayi: Anti don girman Allah ki rufa min asiri. Turo lambar asusunki in mayar miki da kuɗinki.

Makaranciya Zalla: Riƙe kuɗinki. Ni dai ki riƙa turo min fejin tun da daddare kafin kowa, in ba haka ba gobe da asuba zan rubuta wallahi Yaya Ladi ce.